Shirun Matan Bakin Kogi a Wayar Gwadabe

Duk wanda ya saba bi ta layin sito-sito na Challawa da hantsi ya san Malam Gwadabe, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gemu, wanda tafin hannunsa ya rine ja kamar ya kwana da lalle. Ba lalle ba ne, zoɓo ne. Ya daɗe yana heduman a wani sito inda mata ke tsince busasshen zoɓo, su fitar da tsakuwa da kara da ƙwallo, a ɗura a buhu, a loda a kwantena ta kama hanyar teku. Aikinsa samo hannu. Shi ya san mata nawa ake so yau, shi ke zaunar da su layi-layi, shi ke zura hannu cikin buhu kafin a ɗinke.

Daga wani ƙauye a gefen Gumel ya zo yana saurayi, a bayan motar hatsi. Ya riski Bompai lokacin da jiniyar masaƙu ke tashin gari, ya yi aiki a ɗaya har ranar da aka sa mata kwaɗo. Ya gwada majema a Sharada, ƙirjinsa ya ƙi. Daga nan ya gangaro Challawa ya shiga dako, kuma a nan ya haɗu da Halimatu Sa'adiya, wadda kowa ke kira Iya. Tun lokacin ita ce gaba a cikin matan da ke zuwa tsinta daga wata 'yar unguwa a bayan Kumbotso, dab da ruwa, waɗanda ake ce wa matan bakin kogi. Ranarsa ta farko bai karya ba. Da azahar ya jingina da bango yana ganin duhu-duhu, sai ya ji an turo masa kwanon dambu da ƙafa, mai turowar ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ci, ɗan Gumel," in ji ta. "In ka faɗi a nan mu za mu sha wahalar ɗaga ka, ga ka kamar falwaya."

Ya ci. Daga ranar bai ƙara zama baƙo a Challawa ba.

Da ya zama heduman, abu ɗaya ne ya riƙa ci masa rai. Kowace safiya mata kan taru a bakin get, sun fi yawan da ake buƙata. Ya tsaya ya nuna na gaba-gaba, sauran su juya da kwanukansu, wata da goyo, wata ta taho tun daga Panshekara a ƙasa. Bayansu yake kallo har su sha kwana. Shi ya sa da ya sayi babbar waya ta hannu, ya koyi WhatsApp, sai ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya buɗe guruf, ya zuba dukkan masu tsinta a ciki, ya kafa doka guda: da an idar da sallar asuba zai faɗi hannun da ake so, wadda ta riga amsawa ita ke da aiki, in an cika an cika. Ba wadda za ta ƙara tahowa a banza. Ba wadda za ta ce heduman ya yi sonkai. Yana alfahari da abin nan ƙwarai. Yakan ce wa direbobi, "Waya ba ta san 'yar uwa ba, ba ta san mai kyau ba."

Abin ya tafi daidai, sai ta gefe guda. Matan bakin kogi suka ɓace daga sito.

Ba fita suka yi daga guruf ba. Suna nan, kowace da sunanta. In ya tura saƙo ya danna ya duba waɗanda suka gani, sai ya tarar alamun nan biyu sun yi shuɗi a gaban sunayensu tun da wuri, wani lokaci ma su ne na farkon gani. Amma amsa babu. 'Yan matan Sharada da na Ja'en kuwa, kafin ya mayar da wayar aljihu sun cike wurin da hoton babban yatsa, Firdausi a gaba, wata yarinya mai saurin hannu da saurin baki. Sai rana ta fito ta yi tsayin mashi sannan saƙon murya ɗaya ya faɗo, na Iya. Ta yi sallama, ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi maiɗakinsa da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ciwon gwiwarsa, sannan a can ƙarshe ta ce, "To, mun ji. Muna nan."

Shi kuma ya amsa da nauyin baki, "Iya, ku yi haƙuri, an cika."

"Ba komai. Allah ya kai mu gobe."

Gobe ma haka.

Ya yi ta juya abin a ransa. Ya ce ko data ce babu, amma marar data ba ya ganin saƙo. Ya ce ko sun sami wani siton ne, ya tambayi 'yan get na maƙwabta, ba wanda ya gan su. Ya ce ko fushi suke yi, amma mai fushi ba ta tambayar gwiwarka. Kowane zato ya ɗauko, sai shuɗin nan ya kalle shi ya karya shi. Sun gani, sun yi shiru. Iyakar abin da waya ta sani ke nan.

Ana nan sai manajan sito, Alhaji Idrisu, ya kira shi ofis. Babban kaya na tafe daga Jigawa, mota bayan mota, kuma mai saye ba ya jira.

"Malam Gwadabe, guruf ɗin nan naka rabinsa gawa ne," in ji shi. "Mutum ya ga saƙo ya yi banza da shi, me ya rage? Kafin Juma'a ka cire duk wadda ba ta amsawa, ka zuba sababbi. Ga mata nan suna roƙon a sa su."

"Alhaji, tsofaffin hannu ne. Buhunsu ba a sake dubawa."

"Na sani. Amma hannun da bai zo ba, ba ya tsince komai."

Da ya fito, Firdausi na bakin layi tana kaɗe gyale. Ta ji komai, don ofishin ba shi da silin.

"Baba Heduman, a cire su mana a huta! Ko sai an aika musu da kati mai ruwan gwal?"

"Ke dai tsince kara, uwar surutu."

"Ni fa gaskiya na faɗa. Danna yatsa ɗaya ne, ko akuya aka koya wa za ta iya."

Da la'asar ya zauna a kan buhu, ya buɗe guruf, ya gangara har sunan Iya. Ya danna ya riƙe, kalmar cirewa ta fito. Yatsansa ya tsaya a sama. Wani ɗanɗano ya dawo masa a baki, na dambu da man ƙuli, wanda ya ci a jikin bangon can da yake kallo yanzu. Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Ya ce a ransa, in ma cirewar ce, sai ya fara ganin fuskarta.

Washegari a masallacin bakin titi ya yi asuba, ya hau babur ya bi ta bayan Kumbotso, ta cikin gonakin rani, har unguwar bakin kogi. Gari bai gama wayewa ba. Ya yi sallama a zauren Iya, wata matashiya ta leƙo, Zuwaira, ɗaya daga cikin masu tsintarsa. Ta zaro ido, ta durƙusa ta gaishe shi ƙasa-ƙasa, sannan ta ɗora yatsa a leɓe.

"Malam, Iya ba ta shafa addu'a ba tukuna. Ku ɗan zauna."

Ta shimfiɗa masa tabarma ta koma. Tsakanin zaure da tsakar gida asabari ne, tsoho, mai ramuka. Ta nan ya hango su. Matan bakin kogi ne kusan dukansu, sun zauna sun yi da'ira, kowace ta yi shirin fita, kwanon abinci a gefe, waya a cinya. A tsakiya Iya ce kan buzu, ta fuskanci gabas, carbi na tafiya a hannunta. Ba mai magana. Sai kukan kurciya da ƙarar injin ban-ruwa daga nesa.

Lokacin tura saƙo ya yi, har ya ɗan gota. Ya fito da waya ya rubuta hannun da ake so, ya tura.

Sai tsakar gidan ta amsa.

Wayoyi suka yi ƙara kusan tare, wata kamar ɗigon ruwa, wata kamar tsuntsu, wata da muryar jariri mai dariya. Tun da ya fara wannan abu turawa kawai yake yi, kamar mai jefa tsakuwa a rijiya mai zurfi. Bai taɓa jin saukarta ba sai yau. Ya ga hannuwa sun ɗaga wayoyi, haske ya haska fuskoki. Ya ga leɓɓa suna motsi, masu karatu suna raɗa wa marasa karatu. Ya ga babban yatsan Zuwaira ya tsaya a kan gilashi, kamar yadda nasa ya tsaya jiya. Sannan ta kalli bayan Iya, ta kife wayar a cinya. Ɗaya bayan ɗaya duk suka kife.

A hannunsa kuwa tasa wayar sai zillo take. Firdausi. Wata. Wata. Yana zaune yana kallon wuri yana cikewa, ga mata a gabansa cikin shiri, ba abin da ya raba shi da su sai asabari. Har aka cika. Ba wadda ta motsa.

Sai da rana ta leƙo ta kan katanga ta taɓa gefen buzun, sannan Iya ta ɗaga hannu ta shafa. Ta juyo a hankali, ta bi su da ido.

"Zuwaira, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Iya. Amma bai runtsa ba, kuma maganin ya ƙare."

"To ke ce gaba. Saudat, an sallamo maigidan?"

"An sallamo shi, har ya fita kasuwa."

"Alhamdu lillahi. To yau ki huta, ki bar wa Aina'u, bikin suna gare ta jibi."

Haka ta bi su, tana tambaya tana saurare, tana sa wannan gaba tana ja da wannan baya. Wata ta ɗan yi ƙunƙuni, Iya ta kalle ta, mai ƙunƙunin ta daina. Da ta gama sai ta ɗauki wayarta, ta matso da ita bakinta da hannu biyu kamar mai shan fura a ƙwarya, ta fara, "Salamu alaikum, Gwadabe, ina kwana, ina gajiya..." Ta bi gaisuwar nan tata har ƙarshe, ta saki. Wayarsa ta yi ƙara a zaure.

Mata suka waigo. Iya ko gezau.

"Shigo, ɗan Gumel. Tun ɗazu nake ganin ƙafarka ta ƙasan asabari. Duk Kano wa ke da irin wannan ƙafa in ba kai ba?"

Ya shiga ya tsuguna. Bayan gaisuwa ya rasa ta inda zai fara, sai ya faɗa kai tsaye.

"Iya, an ce in cire ku kafin Juma'a. Kuna gani, ba kwa amsawa. Yanzun nan a gabana aka cika."

"Ai mun amsa. Ba ka ji na ce mun ji ba?"

"Wannan murya ɗaya ce, Iya. Waya mutum ɗaya take ƙirga ta. Kuma a makare."

"To mu bakinmu ɗaya ne, tun kafin a haifi wayar taka."

Sai ta ba shi labari, tana jan carbi kaɗan-kaɗan. Shekarar da masaƙu suka rufe, maza suka dawo gida ba aiki, mata suka yi wa sito-sito tsinke. A bakin wani get aka yi turereniya, aka danne wata maƙwabciyarsu mai tsohon ciki, cikin bai tsaya ba. Kuma a cikin masu turawar har da 'yan unguwarsu. Da suka dawo, a wannan tsakar gidan suka zauna suka ce ba za a ƙara ba. Daga ranar ba wadda za ta nemi aiki da bakinta. Za a haɗu da safe, a ji halin da kowa ya kwana, wadda ta fi matsuwa ta tsaya gaba.

"A bakin get ɗina ma?" in ji Gwadabe.

"To da fa? Kai kana nuna na gaba-gaba. Wa kake tsammani ke jera su?"

Shekarun nan duka ya ɗauka idonsa ne ke zaɓe. Ya tuna fuskokin da ya sha gani a sahun farko, yau wannan, gobe waccan, ba su taɓa zama iri ɗaya ba, shi kuma bai taɓa tambayar dalili ba. Ashe wani hannu ne ke juya layin a ƙarƙashin nasa, a hankali, ba ƙara.

"To, Iya, ba za ku ɗan amsa kafin wuridi ba?"

Ta yi dariya har da tafa cinya.

"In ce wa Ubangiji ya dakata, Gwadabe na kira? Kuma in amsa in ce wa? Ban ji yadda suka kwana ba."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Kai ne heduman. Ka ce wanda ya riga. Mu kuwa rige ne muka bari."

Zuwaira ta ɗago kai, idonta ya ciko.

"Wallahi, Malam, ba sauƙi. Jiya saura kaɗan in danna. Yarona na kwance, ga saƙo a hannuna."

"Ni ban hana kowa ba," in ji Iya. "Ga waya nan a hannunki."

"Na sani, Iya."

Wannan ne ya fi tsaya masa a rai. Ba mai tsaro, ba mai bulala, ba wanda zai kama ta in ta danna. Amma abin ya riƙe yatsanta kamar an ɗaure da igiya. Yana rufa mata asiri, kuma yana matse ta, duk a lokaci ɗaya.

A hanyar dawowa ya tsayar da babur a bakin kogi ya sauka. Ruwan rani ne, siriri, yana ta ƙyalli. Ya daɗe yana kallo. Ido ƙyallin yake gani. Wanda ya sa ƙafa zai ji ruwan na ja, ya san tafiya yake yi. Amma abin da ke sa shi tafiya, gangaren ƙasar da ke ƙarƙashi, ba mai ganinsa, kuma yana nan ko da ruwan ya ƙafe. Wayarsa ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce sun gani, sun gani ɗin. Ta ce ba su amsa ba, haka ne. Ƙyallin ta nuna masa, shi kuma ya ɗauka kogin ke nan. Ya ce "Subhanallahi" a fili, ba kowa a wurin sai balbela.

Alhaji Idrisu ya saurare shi har ƙarshe, yana juya makulli a yatsa.

"Labari mai daɗi," in ji shi. "Amma ka ce waya ta kashe sonkai, yanzu kana so ka mayar da zaɓe hannun tsohuwa. Wa ya ce kullum daidai take yi? In ta tsani wata fa?"

"Zai iya yiwuwa, Alhaji. Ni ban ce mala'ika ce ba. Amma dokar tawa ma zaɓe take yi. Masu saurin yatsa take zaɓa, ban lura ba ne."

Suka ja, suka saki. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa saƙo zai riƙa fita bayan la'asar, na aikin gobe. Za a bar wa matan bakin kogi layukansu na dā har zuwa sallar isha, sauran layuka kuma wanda ya riga. Gwaji ne, na tsawon wannan kaya.

"In na shigo na ga layi ɗaya ba kowa," in ji manaja, "da hannunka za ka cire su. Har ita."

"Na yarda."

Firdausi ba ta yarda ba. Ta tare shi a bakin sikeli, hannu a ƙugu.

"Wato mu da muka iya waya, shi ne laifinmu? An rage mana wuri saboda masu doguwar gaisuwa?"

"An rage, ban ɓoye miki ba. Wurinsu ne dā ma, ni na ba ku ban sani ba."

"To shi ke nan. Mu ma za mu samo tsohuwarmu. Akwai wata a layinmu, ko haƙori ba ta da shi, ta fi taku tsufa!"

Mata suka kwashe da dariya, shi ma bai iya riƙewa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya tura saƙon farko. Alamu suka yi shuɗi. 'Yan Sharada suka cike nasu nan take. Bakin kogi shiru. Ya yi magariba a masallacin sito, ya fito ya duba, shiru. Ya san yanzu suna can suna taruwa, wata na sauke tukunya, wata na neman mayafi, Iya na tambaya tana saurare. Duk da haka sai duba wayar yake yi. Ana dab da kiran isha wayar ta yi ƙara.

Ya kara a kunne. A dā yakan ja gaisuwar gaba don ya kai ga magana. Yau ya bar ta ta tafi, gajiya, maiɗaki, yara, gwiwa. A ƙarshe ta ce, "To, mun ji. Ga su nan." Kafin ya sauke wayar hoton yatsa ya faɗo, na Zuwaira. Sai na Aina'u. Sai wani, sai wani, a jere, ba mai tsallake wata, kamar masu haye kogi a kan duwatsu.

Da safe suka shigo get a bayan Iya, layinsu ya cika. Alhaji Idrisu ya leƙo daga ofis, ya ƙirga da ido, ya koma ciki. Iya ta wuce ta gaban Gwadabe, ta kalli ƙafarsa, ta kalli fuskarsa.

"Ka karya kuwa?"

"Na karya, Iya."

"Ƙarya kake. Kwano na nan."

Har yau yana heduman, har yau shi ke tura saƙo. Sai dai in ya tura ba ya saurin mayar da wayar aljihu. Yakan riƙe ta a jan tafinsa kamar mai sauraron saukarta a gidajen da bai taɓa shiga ba. Amsar Firdausi ce ke fara faɗowa, kullum, kafin ƙiftawar ido. A dā yana ce wa wannan rawar kai. Yanzu yakan kalli ɗan yatsan nan nata ya daɗe, yana tambayar kansa me ke can ƙasa da ke tura shi da irin wannan sauri.